Daga Situdiyon Sakkwato zuwa Faifan Garmaho: Saɓanin Masoya kan Kiɗan Mdou Moctar

Masu iya magana na cewa in kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake. Sai dai ba kowane mai rawa ke yarda ya sake taku ba. Tarihin kiɗan Mahamadu Sulaiman, wanda duniya ta sani da sunan Mdou Moctar, ɗan yankin Abalak da Cintabaradan a arewacin jihar Tawa, ya isa misali. Mutum ɗaya ne, amma masoyansa sun kasa daidaitawa kan wane kiɗa ne nasa na asali, kuma sake buga tsofaffin waƙoƙinsa ya ƙara fito da saɓanin fili.

Tushen zancen yana Kano. Tun shekarun 1950 da 1960 gidajen silima na arewacin Najeriya ke nuna finafinan Indiya, har kunnen jama'a ya saba da waƙar soyayya tsakanin namiji da mace. Da finafinan Hausa na bidiyo suka kunno kai da Turmin Danya a 1990, sai masu shirya su suka ɗauki wannan tsari. A ƙarshen shekarun 1990 fiyano ƙirar Yamaha ya mamaye situdiyoyin Kano, mutum guda ya riƙa fitar da amon kalangu da sarewa da ganga daga na'ura ɗaya. Daga baya Auto-Tune, mai lanƙwasa muryar mawaƙi, ya shigo. Wannan salo da ake kira nanaye ya sha suka daga masu kishin kiɗan gargajiya, waɗanda ke ganinsa kwaikwayon Indiyawa ne, amma ya cika kasuwanni daga Kano har Maraɗi da Tawa, inda ƴan kasuwa da ƴan cin rani suka riƙa shigo da kasakasai da fayafayai.

Cikin wannan yanayi ne Mdou Moctar, bahagon makaɗin da ya haɗa gitarsa ta farko da wayoyin birkin keke, ya sauka Sakkwato a 2008. A can ya ɗauki kundinsa na farko mai suna Anar. Kalmomin na harshen Tamajak ne, amma gangar na'ura da muryar da aka lanƙwasa duk irin na finafinan Hausa ne. Babu kamfanin da ya fitar da kundin a lokacin. Ta wayoyin salula ya bazu, daga katin memori zuwa wani, har ya ƙetara iyakar Nijar ya kai arewacin Mali.

A Mali ne wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds na birnin Portland, ya ci karo da waƙar Tahoultine. Ya sa ta cikin tarin da ya kira Music from Saharan Cellphones, wanda ya fito a faifai a 2011, ya kuma bi sawun mai ita har ya same shi. A 2013 kamfanin ya fitar da Afelan, kundin gita da aka ɗauka a Cintabaradan. A 2014 ya buga Anar a faifan garmaho, shekara shida bayan ɗaukarsa. A 2015 kuma aka fitar da fim ɗin Akounak Tedalat Taha Tazoughai, wanda aka shirya a Agadas bisa tsarin Purple Rain na mawaƙin Amurka Prince, na 1984. Mdou Moctar ne jarumin fim ɗin, a matsayin matashin makaɗi mai fama da mahaifin da ba ya son kiɗa da kuma abokin hamayya a fagen gita, kuma kiɗansa ne aka fitar a kundin fim ɗin. Wanda ya fara da aron salon kiɗan fim ya zama shi kansa makaɗin fim.

Ana iya kasa ra'ayoyin masu sauraro gida uku. Kashi na farko su ne waɗanda suka san shi ta wayar salula. Ga matashin da ya fara jin Anar a tashar motar Tawa ko a kasuwar Bambeye, muryar nan mai karkarwa ita ce waƙar. Da ita ya yi zance, da ita ya yi kewar gida a Abijan ko Libiya. A kunnensa, kiɗan fim ɗin na 2015 da kundayen da suka biyo baya, irin su Ilana na 2019 da Afrique Victime na 2021, sun yi ƙara da yawa, sun karkata ga ɗanɗanon Turawa.

Kashi na biyu su ne masoyan gita, na gida da na waje. Su a ganinsu na'urar Sakkwato rufe gwanintar yatsun mutumin ta yi, kuma sai a kiɗan fim ɗin aka ji shi yadda yake kaɗawa a gidan biki, da ganguna da tafi na mutane. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin gita ce ta kai shi manyan dandamalin Turai da Amurka.

Kashi na uku ba salon ne ya dame su ba, sake bugun ne. Suna tambaya: wa aka buga wa faifan garmaho, alhali da wuya a sami gida a Adar mai na'urar juya shi? Masu kare aikin na amsawa cewa bugun ya mayar da sunan mai waƙa a kan waƙarsa, ya kuma kawo masa haƙƙin da yawon memori bai taɓa kawowa ba. Duka ɓangarorin suna da gaskiya gwargwado.

Abin da ya kamata a lura shi ne kowane kashi ranar da ya fara ji yake karewa. Salon Sakkwato aro ne daga Kano, na Kano aro ne daga Indiya, gitar Abzinawa kuma ita ma baƙuwa ce da ta zama ƴar gida a zamanin Tinariwen da Abdallah Oumbadougou. Saboda haka neman kiɗa na asali guda ɗaya ɓata lokaci ne. Tambayar da ta fi nauyi ita ce wa ke zaɓen abin da za a adana.

Ba a kan Mdou Moctar kaɗai abin ya tsaya ba. A 2013 kamfanin nan ya sake buga kaset ɗin Mamman Sani na 1978, makaɗin da amon na'urarsa ya daɗe yana raba shirye-shiryen rediyo da talabijin na Nijar. A shekarar ne kuma ya fitar da Harafin So, tarin waƙoƙin finafinan Hausa. Aiki ne abin yabo, amma tarin da aka tsara don kunnen baƙo ɗan tsakure ne daga dubban waƙoƙi. Sauran suna cikin kasakasan da zafi da ƙura ke ci, da katunan da ke ɓacewa tare da tsofaffin wayoyi. Mafi yawansu ba su ɗauke da sunan wanda ya kaɗa fiyano, ko ranar ɗauka, ko situdiyon da aka yi aikin.

Nan ne aikin malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu ya taso. Tawa ba baƙuwar fim ba ce, tunda a cikinta Mustafa Alasan, ɗaya daga cikin iyayen siliman Nijar, ya yi shekaru masu yawa kafin rasuwarsa a 2015. Ba a buƙatar dukiya mai yawa kafin ƙungiya ta tattara kasakasai daga tsofaffin masu sayar da su, ta juye su a kwamfuta, ta rubuta sunan mawaƙi da makaɗi da shekara, sannan ɗalibai su rubuta kalmomin waƙoƙin da Hausa ko Tamajak su fassara su da Faransanci. Masoya za su ci gaba da gardama, kuma gardamar alamar rai ce. Amma ranar da kaset na ƙarshe ya tsinke, wanda ya ajiye kwafi shi kaɗai zai faɗi yadda kiɗan yake.