Daga Wasiƙar Direba Zuwa WhatsApp: Me Ya Rage a Hannun Maigida?



Duk wanda ya tashi a zango, ko a Sabon Ibadan ne, ko Shagamu, ko Agege, ya san kalmar maigida ma'ana biyu gare ta a wurinmu. Akwai maigida mai iyali, akwai kuma maigidan fatake, wato mutumin da baƙo yake sauka a wurinsa idan ya kawo shanu daga Arewa ko ya zo sayen goro. A kan wannan maigida na biyu nake so mu yi waiwaye yau, domin sau da yawa nakan ji sa'o'ina suna cewa zamaninsa ya wuce, wai tunda akwai waya a aljihun kowa, me zai sa mutum ya biya la'ada? Kafin mu amsa wannan tambaya, ya kamata mu san ayyukan da maigida yake yi tun asali, mu ga waɗanda waya ta karɓe daga hannunsa, da wanda har yau ba ta taɓa ba.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja ake kawo shi, wato ƙasar Ghana ta yanzu, kuma kasuwar Salaga ce babbar matattara. Fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari sukan haɗa ayari a ƙarƙashin madugu, su yi watanni a hanya da jakuna kafin su je su dawo. A wancan zamani saurin labari bai wuce saurin jaki ba. Wanda ya bar Kano bai san nawa ake sayar da goro a Salaga ba sai ya isa, haka kuma bai san halin da zai tarar a Kano ba sai ya komo.

Jirgin ƙasa ne ya fara rage wannan nisa. Layin dogo daga Legas ya iso Ibadan a 1901, ya kai Kano a 1911, a daidai lokacin da noman goro yake ƙara yaɗuwa a ƙasar Yarbawa. Sai kakanninmu suka riƙa gangarowa suna zama a garuruwan da ke kan hanya, har aka keɓe musu unguwar Sabo a Ibadan a 1916. Tafiyar watanni ta koma ta kwanaki, to amma matsalolin fatauci suna nan yadda suke. Goro ba ya jira, idan aka yi sakaci wajen duba shi da sauya masa ganye sai sankara ta cinye shi. Shanu ma ba sa jira, domin iskar Kurmi da ƙudan tsando ba sa barinsu su daɗe ba su rame ba. Ga shi baƙo ba ya jin Yarbanci, bai san mahaucin kirki ba, bai san na banza ba.

A nan ne aikin maigida ya fito, kuma idan mai karatu ya duba zai ga ayyuka huɗu ne. Na farko labari: shi ya san farashi, ya san lokacin da kasuwa ta cika da lokacin da ta yi yunwa. Na biyu masauki da neman mai saye, ta hannun dillalansa da yaran gidansa. Na uku ajiyar kuɗi da aika su Arewa. Na huɗu kuwa lamuni, wato tsaya wa baƙo cewa idan wanda ya ɗauki kayansa bashi ya ƙi biya, shi maigida zai san yadda za a yi kuɗin nan su fito, ko da daga aljihunsa ne.

Wani malamin jami'a daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 yana nazarin wannan tsari, har ya fitar da littafi a kansa a 1969. Bisa lissafinsa, shanu kusan 75,000 ake sayarwa duk shekara a karar Ibadan a lokacin, akasarinsu kuma bashi mahauta suke ɗauka, ta yadda a kowane lokaci akwai bashin kimanin fam 100,000 a hannun mutane. Duk wannan dukiya ba takardar yarjejeniya, ba banki, ba kotu. Abin da ya riƙe ta shi ne sunan maigida, da kuma tsoron da kowane mahauci yake yi kada a daina ba shi shanu a kara idan ya ci amana.

To ta yaya labari yake tafiya a wancan lokaci? Dattawanmu suna gaya mana cewa da ajami ake rubuta wasiƙa, a naɗe a ba wanda zai hau jirgi, daga baya da manyan motoci suka yawaita sai aka koma ba direbobi da yaran mota. Idan abu na gaggawa ne a je gidan waya a buga tangaraho, a taƙaita magana domin kowace kalma kuɗi ce. Da rikoda ta shigo, wasu sukan ɗauki muryarsu a kaset su aika gida, iyali su taru su saurara. An kafa NITEL a 1985, amma har zuwa shekarar 2000 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin ƙasar nan ba su kai rabin miliyan ba, ga mutane sama da miliyan 100. Saboda haka gidan da yake da tarho a zango shi ne gidan da labari yake fara sauka, kuma wanda ya riga kowa jin cewa goro ya tashi a Kano ya riga kowa cin riba. Rabin ƙarfin dillali a wancan zamani sanin abin da baƙo bai sani ba ne.

Shekarar 2001 ce ta fasa wannan rumbu. A watan Janairu Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta yi gwanjon lasisin wayar salula, inda kowane kamfani ya biya dala miliyan 285, a watan Agusta kuma Econet da MTN suka fara aiki. Da farko abin na masu hali ne, domin layi kaɗai yakan kai Naira 20,000 ko fiye, kira kuma Naira 50 duk minti, ko da daƙiƙa biyar ka yi. Sai da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa sannan farashi ya fara sauka. Yayyenmu suna tuna 'yan lema da ke zama bakin titi da waya a kan tebur, a biya a kira, da kuma al'adar filashin, wato ka taɓa lambar mutum ka kashe domin shi ya kira ka.

Cikin 'yan shekaru aikin maigida na farko ya bar hannunsa. Mai tumatir a Kadawa ko mai albasa a Aliero yana iya kiran Bodija, ya kira Mile 12, ya kira Onitsha, kafin ya yanke shawarar inda motarsa za ta nufa. Ba a Najeriya kaɗai aka ga haka ba. Wata mai bincike daga Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Jamhuriyar Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa shigowar wayar salula ta rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari. Dalilin a fili yake: idan kowa ya san inda kaya suke tsada, can kowa zai tura nasa, har farashi ya daidaita.

Aiki na biyu, wato neman mai saye, intanet ce ta rage masa ƙarfi. An ƙirƙiro WhatsApp a 2009, kuma abin da ya sa ya zauna mana daram shi ne saƙon murya. Dattijon da bai yi boko ba ba ya bukatar wani ya rubuta masa komai, danna wuri ɗaya zai yi ya faɗi abin da ke ransa, kamar dai kaset ɗin da ne ya dawo, sai dai wannan ba ya jiran direba. Yanzu ana buɗe huhun goro a ɗauki bidiyonsa a tura Sakkwato, a yi ciniki kafin a ɗaure. Idan layya ta gabato, raguna sukan riga motarsu isowa Kurmi ta cikin waya. Iyayenmu mata da 'yan'uwanmu da ke cikin gida ma sun samu ƙofa, domin wadda a da sai ta ɗora wa yarinya talla, yau tana sayar da turaren wuta da atamfa da yaji ta Facebook da TikTok ba tare da ta taka ƙofar gida ba.

Aiki na uku, na kuɗi, shi ya fi jinkirin sauyawa, saboda mutanenmu sun daɗe ba su yarda da banki ba. Shekara da shekaru ana cusa kuɗi cikin buhu ko a ɗaure a ƙugu a hau mota, kuma Allah kaɗai Ya san yawan waɗanda 'yan fashi suka tare a hanya saboda haka. Babban Bankin Najeriya ya fara gwajin tsarin rage amfani da tsabar kuɗi a Legas a 2012, aka kawo BVN a 2014, masu POS suka bazu a kasuwanni, amma duk da haka dattawa da yawa sun tsaya a kan sai sun ƙirga da hannunsu. Canjin kuɗi ne ya karya wannan tsayuwa. A watan Oktoban 2022 aka sanar da sauya takardun Naira 200 da 500 da 1,000, zuwa farkon 2023 tsabar kuɗi ta ɓace, masu kayan gwari suna kallon kayansu suna ruɓewa alhali ga masu saye a tsaye. Kafin Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris, 2023 cewa a ci gaba da karɓar tsofaffin takardu, mai shayi da mai suya da mai tura baro duk sun buɗe asusu a OPay ko Moniepoint, kuma da yawansu ba su koma baya ba.

Saura aiki na huɗu, kuma a nan ne nake so matasa 'yan'uwana su natsu. Waya tana kawo maka muryar mutum da hoton kayansa, amma ba ta tsaya maka idan ya cuce ka. Babu kasuwar da ba a san labarin alat na bogi ba, inda mai saye zai nuna maka saƙon cewa kuɗi sun shiga, ya kwashi kaya ya tafi, ka duba asusu ka tarar wayam. An san labarin wanda aka nuna wa goro mai kyau a bidiyo, da huhu ya isa aka tarar kyan a sama ya tsaya. An san wanda ya tura kuɗin mota guda ga lambar da ya samu a wani zauren WhatsApp, washegari layi a kashe. Idan irin wannan ta faru, ina ake zuwa? Wurin shugaban kasuwa ake zuwa, ko Sarkin Hausawa, ko dai maigidan nan da aka tsallake domin gudun la'ada. Tambayar farko da zai yi kuwa ita ce: wa ya san shi, a gidan wa yake sauka? Idan babu amsa, to magana ta ƙare.

Shekarar 2021 ta koya mana darasi biyu a kan haka. A watan Fabrairu rikici ya tashi a kasuwar Shasha a nan Ibadan, aka yi asarar rayuka da shaguna. Kafin dattawa su zauna, hotuna da saƙonnin murya sun riga sun karaɗe ƙasa, na gaskiya haɗe da na ƙarya, hankalin kowa ya tashi a Kudu da Arewa, har ta kai ƙungiyar fataken abinci da shanu ta dakatar da kawo kaya Kudu na wasu kwanaki. Waya ta ruruta wutar, amma zaman da shugabannin Hausawa da na Yarbawa da gwamnoni suka yi ido da ido shi ya kwantar da ita. A watan Satumba kuma aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu sassan Katsina da Sakkwato da Kaduna. Nan take mutane suka koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha, kamar yadda kakanninmu suka yi. Wanda yake da direban da ya sani da gidan da ya saba sauka, harkarsa ta ci gaba ko da a hankali ne. Wanda duk jama'arsa a cikin waya suke kuwa, zama ya kama shi.

Saboda haka shawarata ga sa'o'ina ita ce mu raba aiki yadda ya dace. Mu da muka ɗan taɓa boko mu riƙe wa iyayenmu lissafi a waya, mu koya musu kada su saki kaya sai sun ga kuɗi a cikin asusu da idonsu, kada su dogara da saƙon da mai saye ya nuna. Duk sabon abokin ciniki da muka samu a intanet, mu nemi wanda zai lamunce shi a garinsu kafin mu tura kaya ko kuɗi, kuma idan dattijo ya tsaya mana mu ba shi la'adarsa da daɗin rai, domin kuɗin sunansa ne da ya shekara arba'in yana ginawa. Idan saƙon tashin hankali ya shigo, mu kira mutumin da ke wurin mu tabbatar kafin mu tura wa wani, domin mu ne muke kwana a tsakiyar mutanen da ake zuga mu a kansu. Sannan mu riƙa zuwa taron unguwa da jana'iza da ɗaurin aure da ƙafarmu, domin a irin waɗannan wurare ne ake sanin mutum har wata rana a iya cewa na san shi, a ba shi kaya. Hausawa dai sun ce zumunci a ƙafa yake.

Nan da wasu shekaru dattawan da suke lamuntarmu yau za su kau, kuma a cikinmu ne za a nemi waɗanda za su zauna a kujerunsu. Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka share mana wannan hanya, Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu. Sai mun haɗu a rubutu na gaba, in Allah Ya yarda.