Daga Karan Ɗori Zuwa Ɗakin Bincike

A Garwa, babban birnin Jihar Arewa ta Kamaru da ke bakin kogin Binuwai, Hausawa fatake sun zauna a ƙarƙashin Lamiɗon Fulani tun a ƙarni na 19, kafin Jamusawa su kama garin a 1901. Kamar sauran zangunan Hausawa, sun zo da sana'o'insu na gado, kuma ɗori na cikin sana'o'in da Bahaushe ke gada.

Ɗalibi ya lura da kalmomin sana'ar. Bahaushe ya bambanta karaya da tsagewar ƙashi, ya bambanta gocewa da targaɗe. Maɗori kan ja gaɓar, ya daidaita ƙashin, ya jera kara ya ɗaure da tsumma, wani ya haɗa da tofi. Aikinsa haɗa bakin ƙashi da riƙe shi. Jiki ne ke tsiro da sabon ƙashi. Idan ɗaurin ya yi tsanani jini kan tsaya, nama ya ruɓe, har a yanke gaɓar. Idan kuma giɓin ya yi faɗi, ƙashin ba ya haɗuwa, ko a asibiti sai an ɗebo wani ƙashin daga ƙugun majiyyaci an cike.

Wannan giɓi ne masu bincike ke neman cikewa. A 1962 John Gurdon ya nuna a Ingila cewa ƙwayar halittar hanjin ɗan kwaɗo tana ɗauke da bayanin gina kwaɗo sukutum. A 2006 Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto ya sanya sinadaran gado huɗu cikin ƙwayar halittar ɓera, ta koma ɗanya kamar ta tayi, wadda za a iya sarrafawa ta zama ƙashi ko guringuntsi. An yi haka da ta mutum a 2007, su biyun suka karɓi lambar Nobel a 2012. Hausawa na cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Nan busasshen aka mayar ɗanye.

Game da ƙashi, yawancin gwajin yana kan dabbobi tukuna, kuma akwai fargabar ƙwayoyin su rikiɗe su zama ƙari. An kafa Jami'ar Garwa a 2022. Likitocin da za ta yaye za su tarar da ɗan acaɓar da ya karye yana zaɓi tsakanin maɗori da asibiti, kuma da kalmomin maɗori zai faɗa musu inda ke masa ciwo.