Yadda bidiyo ɗaya ke iya kayar da waya, har da saba

Duk wanda ya taɓa shiga tsohuwar tasi daga Kawo zuwa Kasuwar Gumi ya san mitar kilomitan nan da ke gaban direba. In ta kai 999,999, ƙari ɗaya kawai sai ta koma 000,000. To kwamfuta ma haka take. Lambar da aka ware wa gurbi mai bit 32 ba ta wuce 4,294,967,295, in kuma an bar wa lambobin ƙasa da sifili wuri, iyakarta 2,147,483,647. Da an ƙara ɗaya sai lissafi ya kife.

A Disambar 2014 abin dariya ya zama. Masu kallon waƙar Gangnam Style sun haura wancan adadi na biyu, YouTube ta sanar cewa ta faɗaɗa gurbin ƙirgenta zuwa bit 64.

A Yulin 2015 kuwa ba wanda ya yi dariya. Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bankaɗo matsalar Stagefright, wadda aka ƙiyasta ta shafi wayoyin Android kusan miliyan 950. Ga yadda take: fayil ɗin MP4 akwatuna ne a cikin akwatuna, kowanne yana ɗauke da lambar da ke faɗin girmansa. Mugu sai ya rubuta girman ƙarya, babba ƙwarai. Manhaja ta haɗa shi da wata lamba, jimilla ta kife ta dawo 'yar ƙarama, sai ta tanadi ɗan wuri a ƙwaƙwalwar waya ta juye kaya mai yawa a ciki. Abin da ya malala gefe, a nan umarnin maharin yake. Saƙon MMS ɗaya ya isa, a wasu wayoyin ko buɗe shi ba sai ka yi ba. Bayan wannan ne Google da Samsung suka soma fitar da gyaran tsaro duk wata.

Sabobin da ke riƙe da shafukan intanet ma ba su tsira ba. A Nuwambar 2018 nginx ta toshe irin wannan ɓaraka a sashenta na MP4, inda bidiyon da aka shirya da gangan zai iya tsayar da aikin saba ko ya fallasa abin da ke ƙwaƙwalwarta. WhatsApp ma ta gyara guda biyu a Satumbar 2022, ɗaya ta kiran bidiyo, ɗaya ta fayil.

Abin haushin, maganin bai fi layi biyu ba: kafin a haɗa lambobi a duba ko jimillar za ta shiga gurbinta, kuma kar a yarda da girman da fayil ya faɗa sai an gwada da ainihin girmansa. Masu gina shafin da ake ɗora bidiyo, wannan naku ne, ku kuma riƙa sabunta nginx da FFmpeg.

Mu masu waya kuma, da masu tura finafinai a shaguna, a shiga saitin WhatsApp, sashen ma'ajiya da data, a kashe saukar da bidiyo kai tsaye. Sannan a duba ranar gyaran tsaro na ƙarshe a bayanin waya. In ta shekara biyu ba sabon gyara, kar a bar manhajar banki a kanta.