Muryar da Ta Taso daga Jaji: Tarihin Gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna

Gabatarwa

Idan muka zauna da dattawan Wonaka, ko na Tsafe, ko na Bunguɗu, muka tambaye su inda suka fara jin an kashe Sardauna, ko an gama yaƙin basasa, da yawansu za su ce a akwatin rediyo ne. Idan muka ƙara tambaya wace tasha, amsar ita ce Kaduna. Shekara da shekaru, abin da Kaduna ta faɗa shi ne labari a ƙasar nan, sauran kuwa ji-ta-ji-ta ne. A wannan darasi za mu bi tarihin wannan tasha, mu ga dalilin gina ta, da yadda muryarta take isowa ƙauyukanmu, da alherin da ta yi, da kuma ranar da ta yi ɓarna. Ya kamata masu shirin shugabancin jama'a su san wannan tarihi, domin su ma za a miƙa musu lasifika, mutane kuma za su gaskata abin da suka faɗa.

Dalilin gina tashar

Rediyo ya shigo Nijeriya a 1932, lokacin da aka fara kama shirye-shiryen BBC a Legas. Daga baya aka kawo rediyo mai waya: ana jan waya daga tasha zuwa gidan wanda ya biya kuɗi, a rataye masa akwati a bango. Irin wannan ya iso Kano a 1944. Amma waya ba ta fita birni, saboda haka mutumin ƙauye ba shi da rabo a ciki. A 1951 gwamnatin mulkin mallaka ta kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa, wadda ta zama NBC a 1957, tana da reshe a Kaduna. Duk da haka linzamin yana Legas.

Rikicin siyasa ne ya haifi tashoshin jihohi. A watan Maris na 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin neman mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce ba su shirya ba, aka yi musu ihu a titunan Legas. Gwamna Macpherson ya hau rediyo ya soki jam'iyyar Cif Obafemi Awolowo, shi kuwa Awolowo da ya nemi a ba shi dama ya mai da martani, aka hana shi. Daga nan kowane shugaban jiha ya gane cewa wanda ba shi da tasha, wani ne zai ba da labarinsa. Tsarin mulki na 1954 ya ba jihohi izinin kafa nasu. Jihar Yamma ta buɗe talabijin a Ibadan a ranar 31 ga Oktoba, 1959. Jihar Gabas ta bi baya a Inugu a 1960.

Gwamnatin Jihar Arewa, ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato, ta haɗa hannu da kamfanoni biyu na Ingila, Granada da EMI, aka kafa kamfanin watsa labarai na Arewa, wato BCNN. Ya fara aiki a watan Maris na 1962, mutane suka san shi da suna Rediyo Talabijin Kaduna. Hausawa sun ce waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Manufar ke nan: Arewa ta faɗi labarinta da bakinta, da harsunan mutanenta.

Yadda murya take isowa

Gidan rediyo kashi biyu ne. Akwai ɗakin da mai magana yake zama, wannan yana cikin garin Kaduna. Akwai kuma injinan da ke ɗaukar muryar su jefa ta cikin iska, da dogayen turakun eriya, waɗannan an kafa su a Jaji, tsakanin Kaduna da Zariya. Mai sauraro ya san sunan mai karanta labarai, bai san injiniyan da ke kwana kusa da inji ba. Amma idan injin Jaji ya tsaya, mai labarai shi da bango yake magana.

Daga Kaduna zuwa Gusau ya wuce kilomita 200. Me ya sa murya take ƙetare wannan nisa? Dalilin shi ne zangon da ake watsa ta a kai. Sashen Hausa ya shahara a gajeren zango, mita 49, wato kilohaz 6090, da kuma matsakaicin zango, kilohaz 594. Igiyar gajeren zango takan tashi sama, ta bugi wani sashe na sararin samaniya, ta dawo ƙasa da nisa ƙwarai. Shi ya sa a wancan zamani ake kama Kaduna a Maraɗi da Damagaram, da unguwannin zango na Gana, da arewacin Kamaru. Matsakaicin zango kuwa ya fi nisa da dare, abin da ya sa tashar take fita tangaran bayan faɗuwar rana. Talabijin ba haka yake ba. Igiyarsa miƙe take tafiya, ba ta nisa, saboda haka hoton Kaduna ya tsaya a manyan birane, bai iso ƙasar Gusau ba. Rabonmu a wancan zamani murya ce kawai.

Abu na biyu da ya taimaka shi ne ƙaramin rediyo mai batir, wanda ya yawaita a shekarun 1960. Ba ya bukatar waya ko wutar lantarki. Manomi ya sayar da auduga ko gyaɗa a Gusau, ya sayi akwatinsa, ya rataya a kafaɗa ya tafi gona da shi. Rediyo ɗaya yakan ishi dandali guda. Wanda bai taɓa shiga aji ba, wanda jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta yi masa amfani sai an karanta masa, yanzu yana jin labarin duniya da kunnensa.

Alherin da ta yi

Na farko, ta haɗa mu a kan Hausa ɗaya. A ƙasar Zamfara muna cewa "abin da yaf faru", rediyo yana cewa "abin da ya faru". Ba mu bar namu ba, amma kunnenmu ya saba da na Kaduna. Haka mutanen Zuru, da na kudancin Kaduna, da na Filato, waɗanda Hausa ba harshen gidansu ba ne, suka ƙara gogewa da ita ta wannan hanya.

Na biyu, ta fitar da makaɗan ƙasarmu. Salihu Jankiɗi na Rawayya a ƙasar Bunguɗu, da Musa Ɗanƙwairo, da Sa'idu Faru na ƙasar Maradun, a dā sai wanda ya je fada ko wurin biki yake jin su. Da aka naɗi muryoyinsu, sai duk Arewa ta san su, tare da Mamman Shata da Ɗan Maraya Jos. Shirye-shirye irin su Zaɓi Sonka da Jakar Magori sun sa mutumin ƙauye ya ji an ambaci garinsu. Wasan Samanja na Usman Baba Pategi, wanda tsohon soja ne, ya sa farar hula suka yi dariyar rayuwar bariki bayan sun sha tsoron soja.

Na uku, ta sauya yadda ake koyar da addini. Shaihu Abubakar Mahmud Gumi, mutumin Gummi a Zamfara ta yau, yana tafsiri a Masallacin Sarkin Musulmi Bello da ke Kaduna, kuma daga ƙarshen shekarun 1960 tashar ta riƙa watsa shi a watan azumi. A dā ɗalibi sai ya zauna gaban malamin garinsu. Yanzu malami ɗaya yana magana da miliyoyin mutane, har waɗanda malaman garinsu ba su yarda da shi ba. Muhawarar da ta biyo baya tana cikin abubuwan da suka share fagen kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978. Daga baya tashar ta ba Shaihu Ɗahiru Usman Bauchi na ɗarikar Tijjaniyya nasa lokacin. Wannan ya nuna mana cewa rabon mintoci a rediyo rabon iko ne.

Shekarar 1966

A daren 15 ga Janairu, 1966, sojoji suka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna. Da rana ta yi, jagoransu Manjo Chukwuma Kaduna Nzeogwu ya yi jawabi a tashar da Sardauna ya gina, ya sanar da dokar soja a lardunan Arewa. Tashar ba ta cika shekara huɗu ba, ta riga ta ɗauki muryar wanda ya kashe mai ita. Inji bai san ubangidansa ba, wanda ya riƙe shi shi yake bi.

Abin da ya fi wannan nauyi ya zo a ƙarshen Satumba. Zukata sun riga sun yi zafi saboda kisan Janairu, da tarzomar watan Mayu bayan Doka ta 34, da juyin mulki na 29 ga Yuli. Ana cikin haka gidan rediyon Kwatano a ƙasar Dahomi ya ba da labarin cewa ana kashe 'yan Arewa a Gabas. Rediyon Kaduna ya maimaita labarin. Cikin 'yan kwanaki aka faɗa wa 'yan ƙabilar Ibo da sauran mutanen Gabas a garuruwan Arewa. Dubbai suka mutu, fiye da miliyan ɗaya suka bar gidajensu da shagunansu suka koma Gabas, 'yan Arewa da ke can su ma suka sha ramuwa. A ranar 6 ga Yuli, 1967 yaƙi ya ɓarke, bai ƙare ba sai Janairun 1970.

Kada mu ce rediyo shi kaɗai ya jawo wannan. Itacen ya riga ya bushe. Amma mu lura da abu ɗaya: labarin ya yi ƙarfi ne saboda bakin da ya fito. Da a kasuwa aka ji shi, da an ce ji-ta-ji-ta ne. Da Kaduna ta faɗa, sai ya zama gaskiya a kunnen mutane. Amincin da tashar ta tara cikin shekara huɗu shi ne ya ɗauki labarin ya kai shi kowane dandali. Magana zarar bunu ce, idan ta fita ba ta komawa.

Tashar ta wane ne?

A ranar 27 ga Mayu, 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Arewa ta zama shida, Gusau ta faɗa Jihar Arewa maso Yamma. Jihar da ta gina tashar ta shuɗe, sai jihohin shida suka ci gaba da riƙon ta tare, ƙarƙashin hukumar kula da kadarorin haɗin gwiwa. Bayan yaƙi, gwamnatin soja ta ga haɗarin barin manyan tashoshi a hannun sassa. Dokar 1977 ta kafa NTA, ta karɓe talabijin duka, har da na Kaduna. Daga 1 ga Afrilu, 1978 aka haɗe ɓangaren rediyo cikin hukumar FRCN, ya zama Gidan Rediyon Tarayya na Kaduna, yana watsa shirye-shirye da Hausa, Fulatanci, Barbarci, Nufanci da Turanci. Jihohi kuwa aka bar musu ƙananan tashoshi, irin Rima Rediyo a Sakkwato.

Ikkilisiya ma ta ɗanɗana wannan darasi a daidai lokacin. Shirye-shiryen Muryar Bishara ana naɗar su a Jos, amma injin watsa su yana Adis Ababa, a tashar da Tarayyar Lutheran ta Duniya ta buɗe a 1963. A ranar 12 ga Maris, 1977 gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar. Masu wa'azi suna nan, faya-fayai suna nan, hanyar ce aka toshe.

Zamfara ta yau

Dokar 1992 ta ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi. An ƙirƙiro Jihar Zamfara a ranar 1 ga Oktoba, 1996, Gusau ta sami rediyon jiha, da NTA, da Pride FM ta gwamnatin tarayya. Tashoshin FM sun fi fita sarai, amma ba su da nisa, kuma ba wadda ta gaji matsayin Kaduna na dā. Sai kuma wayar hannu ta zo, kowa ya zama gidan rediyon kansa.

Tsohuwar tambayar ba ta mutu ba. A Satumban 2021 aka rufe layukan waya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, mutane suka koma ga akwatin rediyo kamar iyayensu. A Oktoban 2022 gwamnatin jiha ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi a Gusau, har da NTA da Pride FM, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar adawa. Hukumar kula da kafofin watsa labarai ta ƙasa ta ce jiha ba ta da wannan iko, aka janye umarnin.

Kammalawa

Ƙarfin tashar Kaduna ba a dogayen turakun Jaji kaɗai yake ba. Yana cikin yardar da mutane suka ba ta. Da wannan yarda ta koyar, ta nishaɗantar, ta haɗa kan jama'a, da ita kuma ta yi ɓarna ranar da ta maimaita labarin da ya zo mata daga wata ƙasa. A ƙasar da ake fama da hare-hare, saƙon murya yakan shigo wayar shugaba da dare cewa an kai wa ƙauye kaza hari, kabila kaza ce ta yi. Muddin yana cikin waya, ji-ta-ji-ta ne. Ranar da shugaba ya maimaita shi a gaban jama'a, ya sa masa hatiminsa. Kafin mu buɗe baki, mu nemi wanda ya gani da idonsa, mu kuma tambayi kanmu wa zai kwana cikin haɗari idan labarin ba haka yake ba.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa abin da ya faru a 1953 ya sa jihohi suka nemi tashoshin kansu?
2. A Satumban 1966, waɗanne matakai ne ma'aikatan tashar za su iya ɗauka kafin su maimaita labarin Kwatano?
3. A wurin da kake hidima, bakin wa mutane suka fi gaskatawa? Ta yaya ya sami wannan yarda?
4. Idan labarin hari ya iso maka ana gab da taro, ba ka kuma sami tabbaci ba, me za ka faɗa wa jama'a?