Daga Soro Zuwa Mita: Yadda Sanyin Ɗaki Ya Koma Abin Saye

Kafin jirgin ƙasa ya iso Kaura Namoda a 1929, magini ne ke daidaita zafin gida a ƙasar Zamfara. Zai ɗora tubali a kan tubali har bango ya yi kauri, ya shimfiɗa azara, ya zuba ƙasa a kai, ya shafe da makuba. Irin wannan bango yakan sha rana tun hantsi, amma zafin ba ya ratsowa ciki sai dare ya yi, lokacin da mutanen gida suka riga suka fito da tabarmi tsakar gida. Da hunturu kuwa, wannan jinkirin shi ne alheri: ɗumin yini yana kwana a ɗaki, tsofaffi su ƙara da kaskon garwashi. Ruwa yana randa, mafici yana hannu. Ba a biyan ko anini.

Jirgin da ya zo kwasar gyaɗa da auduga ya buɗe hanyar shigowar siminti da kwano. A yi wa kwano adalci: ya raba mutane da yaɓe duk shekara da fargabar ruftawar soro a tsakiyar damina, shi ya sa ya bazu har Shinkafi da Zurmi. Sai dai ɗakin kwano marar silin a watan Afrilu tanda ne. Daga nan sanyi ya zama abin saye. Aka rataya fanka, aka sayi firiji, masu hali suka kafa na'urar sanyaya ɗaki, duk bisa dogaro da NEPA da aka kafa a 1972. Da aka fara sayar da kamfanonin wuta a 2013, Zamfara ta faɗa rabon Kaduna Electric. Janareta ya daɗe yana cike giɓi, har ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka janye tallafin fetur, maigida ya fara lissafi kafin ya ja igiya.

A ƙasashen sanyi sun daɗe da wannan lissafi. Tun 1883 Warren Johnson ya yi rajistar na'urar daidaita zafin ɗaki a Amurka, daga baya aka haɗa ta da agogo, tana rage aiki idan an fita ko an yi barci. Ma'aikatar makamashin ƙasar ta ce sassauta ta na awa 8 kullum na iya rage kusan kashi 10 cikin 100 na kuɗin ɗumama gida da sanyaya shi a shekara.

Dabarar tana gidajenmu, kula da ita ne ba ma yi. Ita ce ke kashe firiji da dutsen guga su sake tashi da kansu. Rimot ɗin na'urar sanyaya ɗaki yana da madannin lokaci, amma sai a bar na'urar a digiri 16 har asuba, alhali 26 tare da fanka ya wadatar. Mai mitar kati da mai sola sun fi kowa ganewa, domin suna kallon wutar tana ƙarewa.

A ganina, a ƙasar da wuta ke zuwa ta tafi, gyara na farko a jikin ginin yake. Ɗaliban zanen gine-gine da magina na Kaura, ku koma ku auna tsofaffin soraye kafin a rushe su. Kai kuma mai shirin gini, sa silin, buɗe tagogi masu fuskantar juna, ka dasa dalbejiya a yammacin ɗaki kafin ka yi maganar sayen na'ura.