TARIHIN ALHAKIN MAI GIDA A KAN WANDA YA JI RAUNI A HARABARSA A DOKAR INGILA

Gabatarwa

Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. To, in mai ɗakin ya san da yoyon, ya ƙi gyarawa, har rufi ya faɗo wa baƙo, wa zai ɗauki alhaki? Wannan tambaya ta ɗauki alƙalan Ingila fiye da shekara ɗari da hamsin suna juya ta. Manufar wannan 'yar maƙala ita ce ta bi sawun yadda amsarsu ta riƙa canjawa. Da farko abin da kotu take tambaya shi ne matsayin wanda ya shigo. Daga baya sai ta koma tana tambayar abin da mai wurin ya sani, da abin da ya kamata ya yi. Mai karatu zai ga cewa yawancin wannan canji da jinin ƙananan yara aka saye shi.

Zamanin Da Ƙasa Ta Fi Mutum Daraja

A farkon ƙarni na 19 masu gonaki da gandaye su ne ke da faɗa a ji a Ingila. Har sukan ɗana bindiga a cikin gona, su ɗaura mata waya, duk wanda ya taɓa wayar ta tashi da shi. Sai a 1827 majalisa ta hana wannan ɗabi'a. A 1828 aka yanke shari'ar Bird da Holbrook. Shi Holbrook yana da lambun furanni kusa da Biristol, aka yi masa sata, sai ya ɗana bindiga, ya kuma ƙi kafa sanarwa don yana son ya kama ɓarawon. Wani saurayi ya haura katanga da yamma, tun da sauran haske, don ya kamo ɗawisun maƙwabci da ya tsere, bindiga ta same shi a gwiwa. Kotu ta ba saurayin gaskiya. Amma fa abin da aka hana kurum shi ne a cuci mutum da gangan. Ba wanda ya ce mai gona ya kula da lafiyar mai shigowa.

Rabe-raben Baƙi

A 1866 aka yi shari'ar Indermaur da Dames. Wani mai gyaran bututun gas ya je aiki a masana'antar sukari a Landan, ya faɗa wani rami da ake ɗaga kaya ta cikinsa, wanda ba a kewaye shi ba, ya ji mummunan rauni. Alƙali Willes ya ce wanda ya zo don wata hulɗa da za ta amfani mai wuri, wajibi ne a kare shi daga haɗarin da ba a saba gani ba, wanda mai wurin ya sani ko ya kamata ya sani.

Daga nan alƙalai suka kasa masu shigowa kashi-kashi. Akwai wanda aka gayyata don ciniki ko aiki, shi ne mai babban rabo. Akwai wanda aka ƙyale ya shigo kawai, shi kuwa gargaɗi kaɗai za a yi masa game da ɓoyayyen haɗarin da mai gida ya san da shi. Sa'an nan akwai mai kutse, watau wanda ya shiga ba izini, shi ba shi da komai. Abin mamaki, abokin da ka kira cin abinci a kashi na biyu yake, domin ba ciniki ya kawo shi ba. Ashe ke nan mai sayen allura a kanti ya fi aminin mai gida daraja a idon doka.

Matsalar Yara

Yaro bai san wuta ba sai ya taka, balle ya san iyakar filin wani. A 1921 alƙalan Majalisar Dattawa, waɗanda su ne kotun ƙoli ta Birtaniya a wancan zamani, suka saurari ƙarar wani uba a kan hukumar birnin Gilasgo. Ɗansa mai shekara 7 ya tsinki 'ya'yan wani itace masu sheƙi a lambun shaƙatawa na birnin ya ci, ashe dafi ne, ya mutu. Alƙalai suka ce abin da ke jan hankalin yaro tarko ne gare shi, don haka uban yana da hujjar ƙara.

Amma a 1929, a shari'ar Addie da Dumbreck, sai aka ga iyakar wannan tausayi. Kamfanin haƙar kwal a Sikotlan yana da wata babbar ƙafar inji a fili, wadda ake kunna ta daga nesa. Ma'aikata sun san yara na wasa a wurin, sukan kore su, su dawo. Ran nan aka kunna inji ba tare da an duba ba, ya murƙushe yaro ɗan shekara 4. Kotun ƙoli ta ce yaron mai kutse ne, uban bai sami ko anini ba. Wannan hukunci ya zauna daram har shekara 43.

Gyaran 1957 Da Abin Da Ya Biyo Baya

Gunaguni ya yi yawa, domin lauyoyi sun fi ɓata lokaci wajen musun kashin da za a saka mutum fiye da duba laifin mai wuri. A 1954 wani kwamitin gyaran dokoki ya ba da rahoto, a 1957 kuma majalisa ta yi doka wadda ta haɗe kashi na ɗaya da na biyu. Duk wanda ya shigo da izini, dole mai riƙe da wuri ya yi iyakar ƙoƙarin da hankali zai karɓa don ya kasance cikin aminci. Dokar ta ƙara da cewa a sa rai yara ba za su yi hattara kamar manya ba. A lura, alhakin yana kan wanda wurin ke hannunsa, ko da haya yake yi.

Mai kutse kuwa aka bar shi a rana, sai a 1972, a shari'ar Hukumar Reluwe da Herrington. A 1965 wani yaro ɗan shekara 6 ya bi ta inda shinge ya karye a Mitcham, kudancin Landan, ya taka layin dogo mai lantarki, ya ƙone ƙwarai. Tun kafin nan an gaya wa shugaban tashar cewa ana ganin yara a kan layin, amma ba a gyara shingen ba. Alƙalai suka kauce wa hukuncin 1929, suka ce ko mai kutse yana da haƙƙin a nuna masa 'yan'adamtaka. A 1984 majalisa ta mai da wannan doka, bisa sharaɗi uku: mai wuri ya san da haɗarin ko yana da dalilin sani, ya san mutane na iya kusantarsa, kuma haɗarin ya zama irin wanda ya dace a yi masa kariya.

Duk da haka ba a ce kowa ya ji ciwo a biya shi diyya ba. A 2003 kotun ƙoli ta ƙi ba wani saurayi diyya, wanda a 1995, yana ɗan shekara 18, ya yi alkafura cikin wani tafki da aka kafa sanarwar hana iyo, ya karya wuya. Baligi ne, haɗarin a fili yake, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Abin Da Ya Shafe Mu

Wannan tarihi ya taɓa mu, domin Turawan mulkin mallaka sun shigo Nijeriya da dokokin gama-gari da ke aiki a Ingila ran 1 ga Janairu 1900, tare da hukunce-hukuncen alƙalansu, har da waɗancan rabe-raben baƙi. Gyaran 1957 bai biyo mu kai tsaye ba, sai a 1961 aka yi wa Legas doka mai kama da shi.

Malamanmu na Malikiyya kuwa sun daɗe da tattauna irin wannan mas'ala. A Muhtasar na Shehu Halilu, wanda ya rayu a ƙarni na 14, an nuna cewa idan katanga ta karkata, aka gargaɗi mai ita, ya sami damar gyara bai gyara ba, har ta faɗa wa wani, to lamuni na kansa. Abin dubawa a nan shi ne sani da iko da sakaci, watau ma'aunin da Ingila ta komo gare shi a ƙarshe.

Kammalawa

Duk damina mukan ji katangar ƙasa ta danne yara, ko wani ya faɗa rijiyar da ba marfi, ko kududdufin da aka bari bayan an ɗebi ƙasar gini. Sau da yawa sai a ce ƙaddara ce, a yi shiru. Ba mu musun ƙaddara, amma ba ta ɗauke alhaki daga wuyan wanda ya ga tsaga a bangonsa ya kau da kai. Marfin rijiya da gyaran shinge ba su kai kuɗin diyya ba, balle ran ɗan maƙwabci. Allah ya kiyashe mu da ɗaukar alhakin wani, amin.