Daga Jeren Kwano Zuwa Hoton Fure: Tarihin Bangon Ɗakin Amarya a Kurfai

Duk wanda ya leƙa ɗakin amarya a Abala ko Filinge a 'yan shekarun nan, da wuya ya rasa ganin hoton tulu cike da furanni rataye a bango, cikin katako da gilashi. Wasu na ce masa tablo, 'yan cin ranin Nijeriya kuma su ce firem. Har iyaye mata sun fara lissafa shi cikin kayan ɗaki, tare da labule da shimfiɗa. To amma fure ba baƙo ba ne a ɗakin Bahaushiya. Abin da ya canza shi ne mazaunin furen.

A da, dukiyar mace a fili take, a jere. Kakanninmu mata ƙorai suke jerawa, da faya-fayai da akusa, mai hali ta ƙara da tasoshin tagulla. Da zamanin Turawa ya kankama sai kwanon fenti ya shigo, da farko daga Turai, musamman Cekosulobakiya, daga baya daga Hongkon. Mazan yankin nan da ke zuwa neman kuɗi Kumasi da Ankara ko Kano, cikin tsarabarsu akwai langa da fanteka. Bayan 1960 'yan kasuwar Hongkon suka kafa masana'antun kwano a cikin Nijeriya, kwano ya yi araha, jere ya tashi daga ƙasa har ya kusa taɓa rufi. A jikin kusan kowane murfi kuwa fure ne, ja da rawaya da shuɗi.

Akwai dalilin da ya sa fure ya samu shiga ba gardama. Malamai sun daɗe suna ƙyamar surar mai rai a ɗaki, kuma an ruwaito cewa Abdullahi ɗan Abbas ya shawarci wani mai sana'ar zane da ya koma zana itatuwa da abin da ba ya da rai. Shi ya sa gidan da ba za a yarda a rataya hoton mutum ba, ake barin fure kusa da hoton Ka'aba.

Sai dai jere bai tsaya ga ado ba. Asusu ne, kuma na matar ne ita kaɗai. Miji ba ya da iko da ko murfi ɗaya. In aure ya mutu, da kayanta take fita. In 'yarta ta isa aure, daga nan take ɗebar mata. A yunwar 1973 zuwa 1974, da ta 1984 wadda aka laƙaba wa El-Buhari, bayan dabbobi sun faɗi, mata da yawa da kwanoninsu suka sayo hatsi. An sayar da su a wulaƙance, gaskiya ne, amma an samu mai saye, domin kwano ko ya tsufa yana cin tuwo.

Shi kuwa hoton gilashin, asalinsa daban. Galibin na kasuwa ba a san mai su ba, amma salon da wasunsu ke bi, na furanni masu kamar suna shawagi cikin hazo ba tebur ba ƙasa, yana da uba. Sunansa Odilon Redon, Bafaranshe, an haife shi a Bordo a 1840, ya mutu a Paris a 1916. Yana cikin masu zanen da suka ce aikinsu ba kwaikwayon abin da ido ke gani ba ne, nuni ne ga abin da ke cikin zuciya da mafarki. Wannan ra'ayi ya samu suna ne a 1886, lokacin da marubuci Jean Moréas ya buga bayaninsa a jaridar Le Figaro. Abin mamaki, Redon ya kai wajen shekara 50 yana zane da baƙin gawayi da tawadar ɗab'i: idanu masu tashi sama, gizo-gizo mai murmushi, abubuwan da ba uwar da za ta rataya wa 'yarta. Sai da girma ya zo masa ya rungumi launi, daga wajen 1900 ya duƙufa kan furanni. Tun yana saurayi wani masanin tsirrai, Armand Clavaud, ya koya masa kallon tsiro da kyau, don haka furanninsa rabi na jeji ne, rabi na mafarki. Wasu daga cikin na ainihin suna gidan tarihi na Orsay a Paris.

Da yake ya wuce shekara 70 da mutuwa, haƙƙin mallakar zanensa ya faɗi, kowa na iya bugawa. Injinan Sin ke buga irin waɗannan hotuna, su biyo jirgin ruwa zuwa Lome, su iso manyan kasuwannin Yamai, daga nan mota ta haura da su Baleyara, Filinge, har Abala.

Ni dai ba na ƙin hoton. Yana da kyau, kuma yaron da ya tashi yana kallon launi irin na Redon ya ƙaru. Damuwata ita ce lissafin uwar amarya. Kuɗin da a da ke shiga kwano, yanzu wani kaso nasa na tafiya ga tablo da furen roba, kayan da rana ɗaya bayan biki ba mai tayawa. Ƙura ta shiga bayan gilashi, zafin bazara ya kwashe launin, yaro ya jefa ƙwallo, shi ke nan. A ƙasar da damina ke yawan ba mu kunya, ga rashin tsaro, ga maƙwabtanmu 'yan Mali da ke zaman gudun hijira a Abala tun 2012, ya kamata a tambayi kowane kayan ɗaki: ranar tsanani, nawa za ka kawo?

Mu malamai ma da namu. Ka ce wa 'yan aji su zana fure, kusan duka na jikin tablo za su zano, mai tulu, wanda ba su taɓa gani a ƙasa ba. Alhali tumfafiya na bayan aji da furenta fari mai ratsin shunayya, bagaruwa na zubar da nata rawaya, ga na kuɓewa da na yakuwa a gonar kowace uwa. Kafin darasin zane na gaba, a aiki yara biyu su tsinko su, a sa a gwangwani bisa teburin malam.